Ɗakin ƙasa da ƙofar banɗaki: haƙƙin matafiyi mai keke a ƙananan otal-otal na Abuja

Duk wanda ya taɓa raka mai keken guragu zuwa Abuja da niyyar kwana ya san cewa saukowa daga mota ba ta kawo ƙarshen wahalar tafiya. Daga Jos, in an bi ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi, mutum yakan ci awa huɗu ko biyar gwargwadon halin hanya da cunkoson Mararaba da Nyanya, kuma mai lafiya ma yakan iso a gajiye, balle wanda ya yi wannan dogon zama ba ya iya juya ƙafarsa da kansa. Abin da matafiyi ke nema bayan haka bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai tsabta, ruwan wanka, wurin da zai yi alwala ya rama sallolinsa, da katifar da zai miƙe bayansa. A 'yan shekarun nan na sha raka yayana, wanda hatsarin mota ya taɓa masa laka ya bar shi a kan keke, kuma abin da idona ya gani ya sa na tsaya a kan ra'ayi guda, wato ya kamata a wajabta wa kowane otal mai sauƙin kuɗi ya tanadi aƙalla ɗaki ɗaya da mai keke zai shiga, ya yi wanka, ya fita ba tare da wani ya ɗaga shi ba, kuma a ɗaure wannan sharaɗi a jikin lasisin da ake ba otal ɗin.

Tafiyar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda muka yi domin tantance takardunsa a wata ma'aikatar tarayya. Kwana biyu kafin mu tashi na buga waya wani ƙaramin otal a wajajen Utako, na bayyana wa yarinyar da ke karɓar baƙi cewa ina tafe da mai keke, na tambaye ta ko suna da ɗakin da zai iya shiga. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce akwai, har ta ƙara da cewa a ƙasa yake, ba sai an hau bene ba. Muka iso bayan magariba. Ɗakin kuwa a ƙasa yake kamar yadda ta faɗa, sai dai kafin a kai gare shi akwai lambatu a bakin harabar, an rufe shi da ƙarafa masu tazarar da ƙaramar tayar gaba ke faɗawa ciki, sannan ga matakala uku a ƙofar shiga an lulluɓe su da tayil mai santsi. Samari biyu suka taso da fara'arsu suka ce, "Alhaji, kada ka damu, yanzu za mu ɗaga ka." Suka kama keken ta madogarar hannu, wadda dama cirewa ake yi, saura ƙiris su kifar da shi a kan matakalar.

Da muka shiga ɗakin sai muka tarar da abin da ya fi wancan. Ƙofar banɗakin irin 'yar siririyar nan ce ta roba, kuma a bakinta akwai ɗan dakalin siminti da aka tayar don kada ruwa ya malalo cikin ɗaki. Keke bai shiga ba, ko an karkata shi, ko an cire matakin ƙafa. Yaya ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya ce, "To, nemo mini bokiti da buta, gobe ma rana ce." A daren nan magidanci mai shekara hamsin, uban 'ya'ya biyar, ya biya buƙatarsa a gefen gado, ni kuma na kwashe. Da gari ya waye aka karɓi kuɗin ɗaki cif, ba ragin ko sisi, aka kuma yi mana fatan sauka lafiya.

Ban zargi yarinyar da ƙarya ba, domin abin da ta sani ta faɗa. A tunaninta, kamar a tunanin mafi yawanmu, in dai ɗaki yana ƙasa to an gama da matsalar gurgu. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa mai keke ba bene kaɗai yake tsoro ba, har da matakala guda a bakin ƙofa, da lungu mai ƙunci wanda keke ba ya iya juyawa, da gado mai tsayi fiye da kima, da ƙofar banɗaki, wadda ita ce ke raba masaukin da za a iya kwana a ciki da wanda za a kwana cikin ƙasƙanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu gina waɗannan otal-otal ba su taɓa zama a kan keke ko na minti goma ba.

Akwai wani abu da ya fi rashin sani wuyar magancewa, shi ne kalmar nan ta "za mu ɗauke shi." Mu mutane ne masu saurin kai hannu, kuma ba na raina wannan hali, don ya sha fitar da mu kunya a tasha da asibiti da masallaci. Amma na lura cewa wannan kirki namu shi ne babban abin da ya hana a gyara gine-gine. Tunda kullum ba a rasa majiya ƙarfi biyu da za su cicciɓi mutum, mai otal bai ga dalilin sayen buhun siminti ba, kuma a ransa ma gani yake ya yi aikin lada. Ba ya tunanin abin da wanda aka ɗaga ɗin ke ji. Mai ciwon laka in aka ɗaga shi ba daidai ba yana iya samun raunin da zai kwantar da shi watanni. Wanda aka shigar da shi ɗaki a hannu ba ya fita sai an zo an fitar da shi, ko da yunwa yake ji, ko da yana son shan iska, ko da gobara ce ta tashi da tsakar dare lokacin da samarin nan biyu suka tafi gidajensu. In kuma mace ce, matar aure ko budurwa ko dattijuwa, sai a gaya mini wane addini da wace al'ada tamu suka yarda maza baƙi su rungume ta su hau da ita matakala a gaban jama'a. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta daina zuwa ganin likitanta a Abuja saboda wannan dalili kaɗai, ba kuɗin mota ta rasa ba.

Abin takaicin shi ne ba doka muka rasa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa tun 2010. Bayan shekaru ana kai ruwa rana a majalisa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu nakasa wariya a watan Janairun 2019. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, kuma wannan wa'adi ya cika tun Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 a kan kamfanin da ya nuna wariya, da naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 a kan mutum, har ma ta tanadi hukunci a kan jami'in da ya sa hannu a zanen ginin da bai cika sharaɗin ba. Ginin jama'a a ma'anar dokar bai tsaya a ma'aikatun gwamnati ba, ya haɗa da ginin da aka buɗe domin amfanin mutane, kuma ban ga yadda za a fitar da otal daga wannan ma'ana ba. A jihohi ana iya fakewa da cewa majalisar jiha ba ta yi tata dokar ba, amma a Abuja babu wannan mafaka, domin dokar tarayya kai tsaye take aiki a can.

Mu mutanen Jos muna da wani dalili na musamman na jin nauyin wannan lamari. Filato na cikin jihohin da suka riga kowa yin dokar kare haƙƙin masu nakasa, tun 2005. Makarantar makafi ta Gindiri ta fi Najeriya mai 'yanci shekaru, kuma Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye malaman ilimin masu buƙata ta musamman. Da aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, James Lalu, ɗan Filato, aka fara ba ragamarta, wanda ya gaje shi a 2024 kuma, Ayuba Gufwan, shi ma ɗan Filato ne, mutumin da shan inna ta taɓa tun yana yaro, wanda ya shafe shekaru yana ƙera kekunan guragu a nan Jos yana rabawa. Ke nan waɗanda ke riƙe da hukumar ba sa buƙatar a yi musu bayanin mene ne matakala uku a bakin ƙofa, jiki magayi. Amma duk da haka, ko a Jos ɗin, wanda ya kawo majinyaci asibitin koyarwa na Lamingo ko Jankwano ya nemi masauki mai sauƙi kusa da wurin zai sha yawo kafin ya dace.

Za a iya cewa ai manyan otal-otal na Maitama da tsakiyar birni suna da irin waɗannan ɗakuna, da lif, da komai. Gaskiya ne, wasu daga cikinsu suna da su. Sai dai kuɗin kwana ɗaya a can ya fi abin da ƙaramin ma'aikaci ke ɗauka a wata, kuma nakasa da talauci tagwaye ne a ƙasar nan: wanda ya rasa ƙafa yakan rasa aiki, abin da ya tara kuma magani ya cinye. Mutanen da ke zuwa Abuja a kan keke ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Majinyata ne da aka turo Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, da tsofaffin ma'aikata masu bin haƙƙinsu na fansho, da matasa masu zuwa jarrabawar ɗaukar aiki, da masu neman biza, da 'yan kasuwa masu sari. Waɗannan a Kubwa da Nyanya da Karu da Utako da Lugbe suke neman wurin kwana. In aka bar ɗakin da keke ke shiga ya zama kayan alatu na masu hannu da shuni, to an ce wa talaka mai nakasa ya zauna a gida ke nan.

Kuma ba su da kaɗan kamar yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 a duniya na rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Mu nan Arewa muna da namu ƙarin dalilai. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, kuma Najeriya ce ƙasar ƙarshe da ta riƙe ta, saboda haka yaran da cutar ta shanye wa ƙafafu a shekarun baya yanzu manya ne masu harkokin gabansu. A ƙara da waɗanda hatsarin mota da na babur ke karyawa kowace rana, da waɗanda rikici da ta'addanci suka raba da gaɓoɓinsu, da masu shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, da masu ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. Dalilin da ya sa mai otal ba ya ganinsu a gaban kantarsa shi ne sun riga sun san ba za su iya shiga ba, shi kuma sai ya ɗauki rashin zuwansu a matsayin hujjar cewa babu masu buƙata.

To mene ne ainihin abin da ake nema? Na zauna da wani birkila da muka daɗe muna hulɗa, muka bi abin dalla-dalla, kuma na yi mamakin ƙanƙantarsa. Keken babban mutum faɗinsa yakan kama daga santimita 60 zuwa 70. Maginanmu sun saba sa ƙofa mai ƙafa uku a ɗaki, su sa mai ƙafa biyu da rabi ko ƙasa da haka a banɗaki, kuma in an cire kaurin firam da na murfin ƙofar, abin da ya rage ba ya isar keke da hannuwan mai tura shi. Ma'aunin da aka saba bi a ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci shi ne a bar sarari na aƙalla santimita 80, wato a sa wa banɗaki irin ƙofar da ake sa wa ɗaki, shi ke nan. Dakalin tare ruwa kuma a cire shi, a karkatar da daɓen ciki zuwa magudana, aikin da kowane mai sa tayil ya iya in an ce ya yi. A bar fili mai faɗin kamar mita ɗaya da rabi inda keke zai juya, a sa masai na zama, a kafa ƙarfen riƙewa a bango kusa da shi da kuma wurin wanka, wanda kowane mai walda a bakin titi zai haɗa cikin yini guda. A ajiye kujerar roba mai ƙwari, a sa shawa mai tiyo da ake riƙewa a hannu, a sauko da famfo ɗaya ƙasa yadda mai zaune zai yi alwala ba sai an zuba masa ba. Maɓallin wuta da na fanka su zama inda hannun mai zaune zai kai, gado kuma ya yi daidai da tsayin kujerar keke domin mutum ya ja jikinsa ya hau.

Gangaren shiga shi ne inda aka fi yin aikin ganin ido. Ƙa'idarsa sananniya ce: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala guda mai santimita 15 tana son gangare mai kusan mita 2, matakala uku kuma fiye da mita 5. Abin da muke gani a bakin bankuna da shaguna da wasu otal-otal kuwa wani tudu ne mai tsini da aka manna a gefen matakala aka shafe shi da tayil, wanda ko mai ƙafa biyu in ya taka da damina sai ya yi salati. Irin wannan an yi shi ne don mai duba gini ya gani ya wuce. Na taɓa ganin wani da aka gina daidai, amma a samansa aka ajiye tukunyar fulawa, a gindinsa kuma manaja ke faka motarsa.

Ba zan yi kamar ban san halin da masu ƙananan otal-otal ke ciki ba. Kuɗin dizal ya karya da yawansu, kuɗin wuta ya ninka tun da aka ƙara wa rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, farashi a watan Afrilun 2024, ga masu karɓar haraji kala-kala da ke sallama kowane wata. Da yawa daga cikin waɗannan wurare ma gidajen zama ne aka mayar otal, an gina su ba da wannan niyya ba, kuma tsadar fili a Abuja ta sa kowa sama yake hawa, lif kuwa ba abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai saya ya kuma iya ba shi wuta ba ne. Saboda haka ban ce a sa lif a kowane gini ba, ban kuma ce a gyara kowane ɗaki ba. A Amurka, ƙarƙashin dokarsu ta 1990, otal mai ɗaki 25 ko ƙasa da haka ɗaki 1 ake nema ya tanada, mai 50 kuma 2. A Ingila ma'aunin shi ne 1 cikin kowane 20. In ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun tsaya a nan, ba zalunci ba ne a ce wa mai otal a Kubwa ya fasa bangon banɗaki ɗaya. Kuɗin wannan aiki bai kai abin da ake kashewa a fitilun ado da katon allon suna a bakin titi ba, kuma in tun a zane aka sa shi, bambancin bai wuce kuɗin ƙofa mai ɗan faɗi ba.

Hujjar da na fi ji ita ce wai ɗakin zai zauna babu kowa. Wannan magana ba ta da tushe, domin babu abin da ya hana a ba mai lafiya ɗakin in babu mai buƙata, kuma ban taɓa jin baƙon da ya yi ƙorafi cewa banɗakinsa ya cika faɗi ba. Tsohon da gwiwa ta dame shi, da mai ciki wata takwas, da wanda aka sallamo daga tiyata, da hajiyar da 'ya'yanta suka kawo za ta tashi zuwa Umara, duk wannan ɗaki za su zaɓa in an ba su zaɓi. Mai keke kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yakan zo da ɗan rakiya ko biyu, su kama ɗaki na biyu, su ci abinci a nan tunda fita yawon neman abinci wahala ce a gare su, kuma in ya samu wurin da ya karɓe shi ba ya sake neman wani. Ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa zai ga ciniki a nan tun kafin hukuma ta tilasta masa.

Amma tilastawar ma dole ce, kuma a nan ne nake ganin ana kuskuren hanya. Abin da muka saba shi ne a jira sai abin kunya ya faru ya karaɗe intanet, sannan hukuma ta zo da kwaɗo da sarƙa. Haka aka yi a watan Maris na 2024, lokacin da aka hana wani mai keke zama a wani gidan abinci a filin jirgin saman Legas, hukumar filayen jiragen sama ta rufe wurin. Matakin ya yi daidai, sai dai wanda abin ya faru da shi ɗan tsohon gwamna ne mai muryar da za a ji. Yayana ba shi da wannan murya, haka ma dubban irinsa. Hanyar da za ta yi aiki ita ce wadda ba ta jiran kowa ya yi kuka: sashen kula da tsarin gine-gine na hukumar birnin tarayya ya ƙi sa hannu a zanen duk wani sabon otal da babu wannan ɗaki a ciki, masu sabunta rajistar otal kuma su zo da tef ɗin awo, su auna ƙofa da gangare kafin su buga hatimi. Tsofaffin gine-gine a ba su wa'adi gajere mai ranar ƙarewa, a kuma rage wa wanda ya gyara wani abu daga kuɗin sabuntawa, domin a nuna masa ba neman tara ake yi ba. Jihohi ma ba su da uzuri, tunda Kotun Ƙoli ta yanke tun 2013 cewa rajista da sa ido a kan otal-otal hurumin jihohi ne, don haka gwamnatin Filato ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta fara da Jos da Bukuru. Na san abin da mai karatu zai ce, cewa mai tef ɗin ma ana iya sallamarsa da ɗan abin shan ruwa. Haka ne, shi ya sa ya kamata a sa masu nakasa da kansu cikin tawagar dubawa, don wanda zai koma ya kwana a wannan ɗaki wata rana ba zai sayar da sa hannunsa da araha ba.

Akwai kuma masu kuɗin da za su iya juya wannan kasuwa cikin shekara guda in sun ga dama. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji na cikin manyan masu kama ɗakuna a Abuja, kullum cikin taron bita da ƙara wa juna sani suke. Ya sha faruwa a shirya taro kan haƙƙin masu nakasa a zauren da ke hawa na biyu a ginin da ba shi da lif, a cicciɓi mahalarta ɗaya bayan ɗaya, sannan a zauna a yi jawabai masu daɗi. Da waɗannan hukumomi za su ce ba sa kama ɗaki ko zaure a inda keke ba ya shiga, da masu otal sun nemi birkila da kansu.

Abin da ba ya cin ko kwabo kuma shi ne faɗin gaskiya. Da yarinyar nan ta ce mini, "Yallaɓai, ɗakinmu a ƙasa yake amma akwai matakala uku, ƙofar banɗakin kuma ƙarama ce," da na yi mata godiya na nemi wani wuri tun da rana. Yanzu na koyi darasi, ba na karɓar "akwai" a waya. Ina roƙon a turo mini hoton ƙofar shiga da na banɗaki ta WhatsApp, in da hali a ɗora tef a bakin ƙofar a ɗauka, domin gani ya kori ji. Wasu sukan yi, wasu su ɗauka rainin hankali ne su kashe waya. Alamar keke da ake mannawa a shafukan kama ɗaki na intanet ma na daina yarda da ita, don na ga inda aka sa ta alhali abin da ake nufi kawai shi ne akwai wurin ajiye mota. Kurma da makaho su ma nasu buƙatun ba su fi ƙarfin kowa ba: lambar da za a yi magana da ma'aikata a rubuce, da sanin cewa ƙwanƙwasa ƙofa ba ya tayar da kurma in wani abu ya faru, da ma'aikacin da zai zagaya da makaho ɗakin sau ɗaya ya nuna masa inda komai yake, ya kuma bar kayan a inda suke.

Sai kuma abin da ke cikin zukata, wanda ba a auna shi da tef. A wata tafiyar, na tsaya sallamar mai tasi, Yaya ya tura kekensa ya yi gaba zuwa ƙofar wani masauki. Kafin ya buɗe baki maigadin ya ɗaga masa hannu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, ba a bara a nan." Yana sanye da shadda wankakkiya da hula zanna, jakar takardunsa a kan cinya, amma maigadin keken kaɗai ya gani. Da na ƙaraso ya gane baƙi ne, sai ya rikice yana ta "ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ban sani ba." Yaya bai ce masa uffan ba, sai da muka shiga ya ce da ni, "Bar shi, abin da ya saba gani ke nan." Gaskiya ya faɗa. Mun gina garuruwan da mai nakasa ba ya iya shiga ofis ko banki ko otal, inda ya rage masa shi ne bakin titi, sannan muka dawo muna cewa ai bara ce sana'arsu. Abin mamaki shi ne masaukin kakanninmu bai san wannan matsala ba. Zauren da ake sauke baƙo da gidan fatoma da fatake ke kwana duk a ƙasa suke, daɓe ne shimfiɗaɗɗe, kuma makaho da gurgu suna da sarakunansu da matsayinsu a gari. Matakalar ado da tayil mai ƙyalli mu muka kawo su da sunan ci gaba.

Daga ƙarshe mun samu wani ɗan masauki a Kubwa, ba ta hanyar talla ba, wani direban tasha ne ya kwatanta mana. Mai wurin dattijo ne wanda mahaifiyarsa ta yi shekaru a kan keke kafin rasuwarta, saboda haka da ya tashi gini ya sa aka yi ɗaki ɗaya kusa da ƙofar shiga, babu matakala, banɗakin da ƙofa mai ƙafa uku, ga ƙarfen riƙewa da wani mai walda ya lanƙwasa daga bututun ruwa. Fentin wurin ya koɗe, janaretan ma sai ƙarfe bakwai ake tayarwa, amma a daren farko Yaya ya shiga banɗaki ya rufo ƙofa, na ji ƙarar ruwa, ni kuma ina zaune a bakin gado babu abin da zan yi. Ya ajiye lambar wurin a wayarsa da sunan "Ƙofa mai faɗi," ya kuma raba ta ga abokansa masu keke a Jos da Bauchi. Da muka buga waya a watan jiya za mu sake zuwa, sai aka ce mana a yi haƙuri, ɗakin da mutum a ciki har ƙarshen mako, akwai kuma wani da ya riga mu kamawa bayansa.